Wa Zai Riƙe Ajin Kurame In Na Tafi Wanka?

Ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri tun daga farko, domin maganar da zan yi ba irin wadda mace ta saba ɗaga murya a kanta ba ce a ƙasarmu. Mai juna biyu, balle ma na fari, ba ta faɗi. Sai dai a gani a yi shiru, ranar da Allah ya sauke ta lafiya a zo barka. Ni ma haka aka rene ni. To amma akwai yara 11 da al'amarinsu ya rataya a kan wannan magana, su kuwa ba za su iya zuwa su faɗa muku da bakinsu ba. Shi ya sa na ajiye kunya gefe ɗaya na ɗauki alƙalami.

Ni ce malamar ajin nan na ƙarshe, wanda ke dab da bishiyar dogon yaro, ajin da ba ka jin ƙarar karatu daga cikinsa. Maza 6 ne, mata 5. Yawancinsu 'yan cikin garin Tambuwal ne, biyu kuma ana kawo su kan babur daga ƙauyukan gefen Dogon Daji ran Asabar da Lahadi. Idan ka leƙa ta taga za ka ga hannaye ne kawai ke tashi suna sauka, har wasu yaranmu masu ji kan tsaya su yi dariya. Ya kai ɗalibi, ka sani abin da kake gani karatu ne irin naka. Alwala muke koyo, da sallah, da baƙaƙe, da lissafi, da labaran Annabawa. Abin da kuke biyawa cikin Ahalari da Ishmawi shi muke biyawa, sai dai ku da harshe, mu da yatsu da fuska.

Amma koyarwar ita ce ƙaramar rabin aikin. Yaro kurma idan ya sami mutum guda mai fahimtarsa, to wannan mutum ya zama masa komai. In cikinsa na ciwo ni za a kira in tambaye shi ina ne ke ciwo, tun yaushe. In an kai shi asibiti ni ce tafinta. In an yi faɗa a gida an doke shi bisa laifin da ba shi ya yi ba, ya riƙe abin a ransa kwana uku har sai ya gan ni. Akwai uwa da ta taho da ɗiyarta har ɗakina da dare, ta ce: "Malama, don Allah tambaye ta mi anka yi mata, tun jiya take kuka." Ashe awakin da yarinyar ke kiwo ne aka sayar da ɗaya ba a gaya mata ba, tana zaton sacewa aka yi kuma ita za a tuhuma. Magana ce da ba ta fi ta minti biyu ba, amma ta kwana a gidan ba wanda ya iya kwance ta.

To yanzu ga ni a wata na bakwai, iyayena kuma suna Kebbe. Kowa ya san al'ada: haihuwar fari gida ake zuwa goyon ciki, a haihu gaban uwa, a yi suna, a yi wanka har a yi arba'in, wata ma ta ƙara. Dokar ƙwadago ta ƙasa mako 12 ta ba mace, 6 kafin haihuwa, 6 bayanta. Al'adarmu ta fi doka kyauta, domin in ka lissafa daga wata bakwai zuwa bayan arba'in ka tasar wa wata huɗu. A ajin masu ji wannan ba matsala ba ce, wani malami ne zai ɗauki littafi ya ci gaba daga inda aka tsaya. A ajina kuwa duk makarantar nan babu wanda zai iya tambayar yaro ko sunansa.

Na san abin da wata huɗu ke yi wa irin waɗannan yara. Namiji a tura shi tasha ko kasuwa, wani ma a ba shi kwano ya yi bara, tunda ana ganin lalurarsa jari ce. Mace a ɗora mata talla, in ta ɗan tasa a ce gara a aurar da ita kafin wani ya cuce ta. Mai ji in ya bar makaranta yana tsintar wani abu daga huɗubar Juma'a, da rediyo, da wa'azin unguwa. Kurma in ya bar aji ƙofa ta rufe ruf.

Inna ta aiko tun watan jiya, da ta ga shiru ta bugo waya da kanta. "Ke yarinya, wanga aiki naki bai ƙarewa. Mi kika jira? Ice na nan an tara, gero na nan, kanwa na nan. Haka anka yi mini, haka anka yi ma yayyenki. Ki taho gida." Gaskiya gare ta, ba kuma zan ce wa mai karatu ba na son tafiya ba. Ƙafafuna suna kumbura. Malamin masu ji yana iya zama kan kujera ya daka tsawa aji ya yi tsit, ni kuwa in yaro ya juya baya sai na tashi na je na taɓa kafaɗarsa, ko in buga ƙafa a ƙasa ya ji girgiza. Maganar hannu da jiki duka ake yin ta, a tsaye, inda haske yake, sa'a biyu. Kwanan nan har yatsuna sun fara nauyi, zobena ma na cire shi. Ranar awo in tafi asibiti da sassafe, in bi layi, in karɓi ƙwayoyin ƙarin jini, in dawo in ɗan kishingiɗa, la'asar na yi in shiga aji. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, ni kuma ban yarda in tsallake ko ɗaya ba saboda aji. Ɗan da ke ciki shi ma amana ne, kuma shi ya fi su duka rashin baki.

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Haka ne, in a baki ɗaya aka zuba su. Abin da na gaya wa Inna shi ne ta ƙara mini wata guda in nemo wasu bakunan. Kuma ita ba sai an yi mata dogon bayani ba, domin Yayana, babban ɗanta, kurma ne. Yana ɗan shekara 4 yana magana rangaɗau aka yi annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. Shi Allah ya yi da sauran kwana, amma ya tashi ba ya ji, sannu a hankali maganar ma ta gudu. Ni a bayansa na taso, a hannunsa na koyi wannan magana tun kafin in shiga makaranta. Inna ta yi shiru a waya, can ta ce: "To, wata guda. Amma ran da kin ga wani abu, ko cikin aji kike, ki aje alli." Maigidana shi ma ya amince a kan haka, da sharaɗin za a yi tafiyar da rana tsaka, domin hanyoyinmu a shekarun nan ba a wasa da su da dare.

Tunda na ambaci sanƙarau, bari in tsaya a kan wata magana da aka sha gaya mini tun da cikin nan ya fito. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda nake kira Gwaggo, ta kira ni gefe ta ce: "Malama, ki rage zama cikin bebayen ga hakanan. Mai ciki ba ta yawan kallon irinsu." Don ƙauna ta faɗa, na kuma yi mata godiya. Amma ya ku iyaye mata, wannan camfi ne, ba shi da asali a addini, ba shi da shi a likitanci. Kurumta ba ta bin ido. Mafi yawan kurame iyayensu masu ji ne da ba su taɓa zama da kurma ba. Abubuwan da ke kawo ta sanannu ne. Akwai sanƙarau, kuma yara 3 a ajina a annobar 2017 suka rasa ji, wadda ta taso daga Zamfara ta shigo Sakkwato da Kebbi da Katsina. Akwai ƙyanda da hangum. Akwai shawara mai tsanani da ke kama jariri a kwanakin farko, a ga idonsa ya yi ɗorawa a ce a bari a gani. Akwai doguwar naƙuda da jariri ke fitowa bai yi kuka da wuri ba. Akwai ruwan kunne da aka bari ya daɗe, da wasu allurai masu ƙarfi da ake yi wa yara a kemis ba da izinin likita ba. Akwai kuma na gado, wanda Allah ke halittar mutum da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara abu ne da za a iya kare shi. Allurar ƙyanda a wata 9 ake yi, kyauta ce. A shekarar 2024 kuma Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar rigakafin da ke kare nau'i 5 na ƙwayar sanƙarau. Wadda ke tsoron kurumta ga jikanta, to ta riƙe katin rigakafi da kyau, ta bar ɗalibaina su sarara.

Ni abin da ke kwantar mini da rai ma wani ne daban. Ku ɗalibai da kuka kai Suratu Ali Imrana da Suratu Maryam, ku lura da abin da ya faru sa'ad da aka yi wa Annabi Zakariyya, alaihis salam, bushara da Yahaya. Ya roƙi alama, alamar da aka ba shi ita ce ya yi kwana 3 ba ya magana da mutane sai da ishara, alhali lafiyarsa lau. Nana Maryam kuma da ta zo wa mutanenta ɗauke da Annabi Isa, ta yi bakancen yin shiru, suka tsare ta da tambaya, nuni ta yi zuwa ga jaririn. Wurare biyu ke nan da aka ambaci zuwan jariri mai albarka, kuma duka biyun da ishara a ciki. Ranar da na ba yarana wannan labari, ɗan nan da muke yi wa laƙabi da taɓa gira, saboda tabon da ke girarsa, ya tashi tsaye ya tambaye ni sau biyu: Annabi? Da hannu? Kamar mu? Malaman fiƙihu ma tuntuni suka zartar cewa isharar bebe da aka fahimta tana tsayawa a matsayin furuci wajen ciniki da aure, wanda kuma ba ya iya furta karatu sallarsa ta yi, ba a ɗora masa abin da ba ya iyawa ba. Saboda haka duk wanda ya ce kurma ba ya buƙatar ilimin addini tunda ba ya ji, shi ne ke buƙatar komawa makaranta.

Yanzu ga shirin da aka yi. Kaya iri biyu nake haɗawa a ɗakina. A jaka ɗaya zannuwa ne da sabulu da auduga da maganin cibi da 'yan riguna da gidan sauro. A ɗaya jakar littafi ne mai bango ja, wanda na fi wata biyu ina cikawa da dare. Kowane shafi an zana hannu, a ƙarƙashinsa an rubuta ma'anar da boko da kuma ajami, domin na san iyaye mata da yawa ajamin suka fi karantawa. Mai zanen ɗaya ne daga cikin ɗalibaina, ni hannuna bai iya zane ba. Waɗanda zane ba ya nuna su sosai, irin su alwala da wankan tsarki, na ɗauke su a bidiyo da waya, duk mai so a tura masa.

Haɗa littafin ya fi yadda na zata wuya, domin maganar hannu ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta makarantun gwamnati, wadda tushenta daga Amurka yake. Wani baƙar fatar Amurka mai suna Andrew Foster, mai wa'azin Kirista, wanda shi ma sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana shekara 11, shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, daga nan ta bazu. Ita ake koyarwa a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo, inda ake horar da malaman masu buƙata ta musamman tun 1977. Akwai kuma tamu ta Hausawa da kurame ke yi a kasuwa da tasha tun kaka da kakanni, wadda wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta nazarta har ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. Sannan kowane gida da nasa 'yan alamomin da uwa da ɗanta suka ƙirƙira. Ni ban raina ko ɗaya ba. Haruffa da lambobi da ta makaranta muke yi, don yaron da Allah ya sa ya wuce makarantar A. A. Raji ta Sakkwato kada ya zama baƙo a can. Abinci da dangi da al'amuran gida kuwa da tamu muke yi, domin ita ce wadda kaka za ta gane ba tare da an koya mata ba.

Littafi ba ya koyar da kansa, sai da mutum. Wadda za ta riƙe ajin wata matashiya ce kurma, 'yar garin nan, da ta yi karatu a Sakkwato ta dawo tana ɗinki a gida. Mahaifinta ya yi jinkiri kafin ya yarda, sai da shugaban makaranta ya taka da kansa. Ta fi ni iya maganar nesa ba kusa ba, ni ai koyo na yi, ita kuwa harshenta ne. Kuma yaran suna ganin abin da ba su taɓa gani ba, wato babba irinsu a gaban allo. Tare da ita akwai 'yan mata biyu daga aji shida, masu ji, da suka yi mako 7 suna zama da mu, su ne za su zama tsani tsakaninta da sauran malamai da iyaye. Na sa musu suna jajis. Nana Asma'u 'yar Shehu, Allah ya jiƙanta, da ta ga matan ƙauye ba za su iya zuwa wurinta duka ba, ai jajis ta naɗa, ta koyar da su, su kuma suka kai ilimin har ɗakunan 'yan taru. Mu da ke zaune a garin ɗan'uwanta Muhammadu Buhari ɗan Shehu ba mu da hujjar cewa ba mu san wannan hanya ba.

Abin da ya rage, wanda ya fi damuna, na iyaye mata ne. Uku daga cikin 'yan matan ajina sun kusa girma. Hukunce-hukuncen da suka shafi mace, yaushe ake barin sallah, yaushe ake wanka, wa ke da izinin taɓa ta, wa ba shi da shi, in wani ya tsare ta a lungu wa za ta gaya wa kuma ta yaya, waɗannan ba malami namiji zai koya musu ba, ba kuma jaji 'yar shekara 14 ba. Na koya musu iyakar iyawata. Amma ranar da abin zai zo, watakila ina Kebbe ina fama da ruwan zafi, uwa ce kawai a kusa. Ya ke uwa, in ɗiyarki ta zo da tsoro ta yi miki alama, ke kuma kika ce mata "to, to" kika ci gaba da tuƙa tuwo, ba za ta sake zuwa ba. Alama 30 kawai na ware muku. Ciwo, ina, yaushe, wa, tsoro, jini, kada, zo, na ji, ba laifinki ba ne, da makamantansu. Wadda ta iya haddace farashin kayan miya na kasuwa guda ba za ta kasa riƙe 30 ba. Ku kuma ƙanne da yayye, ku kuka fi saurin ɗauka. Ni shaida ce.

Wataƙila mai karatu na son ya tambaye ni, ke fa, ba ki tsoro? Ina yi mana. Ranar da za a yi wa ɗan nan kiran sallah a kunne, na san zan zuba ido in ga ko zai motsa. In ƙofa ta buga zan duba ko ya razana. In ya kai wata 6 zan duba ko yana juyowa wajen murya, ko yana gwalantu, in ban gani ba asibiti zan kai shi ba sai an shekara uku ana cewa nauyin baki ne na gado ba. Haka nake so kowace uwa ta yi. In kuma Allah ya ƙaddara ba ya ji, to ya faɗo gidan da za a yi masa magana tun ranar farko. In yana ji ma sai ya koya, domin yana da kawu da zai gaisar.

Yaran da kansu sun riga kowa sanin halin da nake ciki, su ba ruwansu da irin kunyarmu ta baki. Da can laƙabina a wurinsu shi ne gyara mayafi a kafaɗa, yanzu sun mayar da shi zagaye hannu a gaban ciki. Ƙaramarsu ta tambaye ni, in jariri ya zo da wane hannu zan riƙa yi musu magana? Na juya na nuna mata bayana. Allah ya saka wa wadda ta fara goyo da alheri, ta bar wa malamar kurame hannayenta biyu.

In Allah ya yarda zan tafi a ƙarshen wata mai kamawa. Kafin nan, kowace Alhamis bayan la'asar, tunda ba karatu, ina nan cikin aji ina jiran iyaye mata da 'yan'uwan yaran, ba a biyan ko sisi, kuma wadda maigidanta ke son a nemi izini wurinsa ta faɗa, shugaban makaranta ya ɗauki nauyin wannan. Alamomin nan 30 an buga su a shafin ajami na wannan fitowa, a yanke a manna a bangon ɗaki. Ajin ba zai rufe ko rana ɗaya ba. Duk yaron da aka yi kwana uku a jere ba a gan shi ba, jaji za ta zo gida ta tambaya, kada a ga kamar shisshigi ne, ni na sa ta.

Ina barar addu'arku, Allah ya raba lafiya. Wassalamu alaikum.

Malamar ajin kurame